Ole Kirk Christiansen: Kafintan ƙauye da ya kafa kamfanin LEGO

A kantunan sayar da kayan wasan yara na ƙasashe da dama, akan ga wasu ƙananan kwalaye masu ɗauke da hoton ɗan mutum-mutumi mai rufaffiyar fuska, riƙe da takobi. Sunan wannan wasa Ninjago, kuma kamfanin LEGO na ƙasar Danmak ne ya fito da shi a shekarar 2011.

Idan yaro ya buɗe kwalin, ba zai tarar da abin wasan da aka gama haɗawa ba. Abin da ke ciki shi ne 'yan tubalan roba a ƙulle cikin leda, da ɗan littafi mai zane da ke nuna masa yadda zai ɗora wannan a kan wancan, har babur ko dodo ko ɗan gidan mayaƙa ya fito daga hannunsa.

Mutumin da ya kafa kamfanin bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan kwalaye ba, domin ya rasu shekara 53 kafin fitowarsu. Shi dai kafinta ne a wani ƙauye, wanda talauci ya tura shi sassaƙa kayan wasan yara a lokacin da 'yan uwansa ke ganin hakan ba sana'ar magidanci ba ce.

Ɗan talakawa

An haifi Ole Kirk Christiansen ranar 7 ga watan Afrilun 1891 a yankin Filskov da ke tsakiyar Jutland, a yammacin Danmak. Iyayensa talakawa ne masu 'ya'ya da yawa.

A wancan zamani yankin ƙasa ce mai rairayi, wadda ba ta ba da amfani sai an sha wuya. Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da Gaya da Ajingi a gabashin jihar Kano zai gane irin wannan rayuwa, inda abincin gida ya dogara ga gona da 'yan dabbobi, kuma yaro kan fara aiki tun kafin ya iya karatu.

Tun yana ƙarami aka tura shi kiwon dabbobi a gonakin wasu. A wurin kiwon ne ya saba da fiƙe itace da 'yar wuƙa.

A shekarar 1905, yana ɗan shekara 14, ya fara koyon aikin kafinta a hannun yayansa, Kristian Bonde Christiansen, ya kuma samu 'yancin kansa a sana'ar a 1911. Daga nan ya tafi neman kuɗi Jamus, sannan Norwe, inda ya haɗu da Kirstine Sørensen, wadda ya aura.

A 1916 ya koma gida da ɗan abin da ya tara, ya sayi wani shagon kafinta a Billund, ƙauyen da a lokacin bai wuce 'yan gidaje a kusa da tashar jirgin ƙasa ba. Aikinsa shi ne gina gidaje da rumbunan manoma da rani, sannan idan sanyi ya shigo ya koma yin ƙofofi da tagogi da kabad.

Ma'auratan sun haifi 'ya'ya maza huɗu: Johannes da Karl Georg da Godtfred da kuma Gerhardt.

Gobarar farko

A shekarar 1924, biyu daga cikin yaran, Karl Georg da Godtfred, suna wasa da wuta a cikin shagon, sai ta kama ɓawon katakon da ke zube a ƙasa. Shagon da gidan da iyalin ke zaune duka suka ƙone ƙurmus.

Mista Christiansen ya sake gina wani gida wanda ya fi na da girma nesa ba kusa ba, har ya fi ƙarfin aljihunsa, abin da ya sa iyalin suka takura a wani sashe suka ba da hayar sauran. Gidan yana nan har yanzu a Billund, kuma an san shi da mutum-mutumin zakoki biyu da ke bakin ƙofarsa.

Bai gama farfaɗowa ba sai ga karayar tattalin arzikin duniya, wadda ta faro daga Amurka a 1929. Da ta iso Danmak, farashin man shanu da naman da manoma ke sayarwa ƙasashen waje ya faɗi warwas. Manomin da ba shi da kuɗi kuwa ba ya gina sabon ɗaki, saboda haka aikin kafinta ya tsaya cik.

Shekarar baƙin ciki

Shekarar 1932 ita ce mafi tsanani a rayuwarsa. A cikinta ya sallami ma'aikatansa saboda babu abin biyansu, a cikinta kuma matarsa Kirstine ta rasu, ta bar shi da yara huɗu, ƙaraminsu ɗan shekara shida.

Ganin cewa babu mai neman babban aiki, sai ya koma yin ƙananan abubuwa masu araha, kamar tsani da kujeru da teburin guga. Daga cikinsu har da motoci da jirage da dabbobi na katako domin yara. Wannan shekarar ce kamfanin ke ƙirgawa a matsayin shekarar kafuwarsa.

Ciniki bai zo da sauƙi ba. Yakan ɗauki kayan da kansa yana bin kantuna, wani lokacin kuma da kayan abinci ake biyansa maimakon kuɗi.

Da bashi ya kai masa iya wuya, 'yan uwansa suka tsaya masa ya samu rance, amma suka nemi ya bar wannan harka ta kayan wasa ya kama aikin da ya fi mutunci. Bai bari ba.

A wannan lokacin ne kuma aka yi yayin yoyo, wani ɗan faifan katako da ake wasa da shi da zare. Ya yi su da yawa, sai yayin ya wuce kwatsam ya bar shi da tarin kaya. Maimakon ya zubar, sai ya raba kowane faifai biyu ya mayar da su tayoyin motocin wasa.

Suna da ƙa'ida

A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna. Ya ɗauki haruffa biyu na farko daga kalmomin leg da godt, waɗanda a harshen mutanen Danmak ke nufin a yi wasa da kyau, sai suka ba da LEGO. Daga baya ne aka lura cewa a harshen Latin kalmar na iya ɗaukar ma'anar haɗawa ko tattarawa.

A wannan shekarar ya auri Sofie Jørgensen, wadda ta zo kula da gidan da yaran. Ta sa ɗan kuɗin da ta tara a cikin sana'ar, kuma ta haifa masa 'ya mace, Ulla, a 1935.

Mista Christiansen mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, mabiyin wata ƙungiyar farfaɗo da addini da ake kira Indre Mission, wadda ke da ƙarfi a ƙauyukan Jutland. An daɗe ana buɗe aiki da addu'a kowace safiya a masana'antarsa.

Ƙa'idarsa a wurin aiki ita ce babu wani inganci da ya yi wa yaro yawa. Katakon da yake amfani da shi sai ya shekara biyu yana bushewa kafin a taɓa shi, kuma kowane abin wasa sau uku ake shafa masa fentin sheƙi.

Akwai wani labari da ɗansa Godtfred ya riƙa bayarwa har tsufansa. Wata rana, yana saurayi, ya kai kwalayen agwagin katako tashar jirgi, ya dawo yana murna ya shaida wa mahaifinsa cewa ya rage wa kamfani kashe kuɗi, domin shafi biyu kawai ya yi musu.

Uban ya umarce shi da ya koma tasha ya kwaso agwagin, ya yi musu shafi na uku, ya sake ɗaure su ya mayar, shi kaɗai, ba tare da kowa ya taya shi ba. A kan wannan aiki yaron ya kwana.

Mai saye ba zai iya bambance shafi biyu da uku a kanti ba, yaron da aka saya wa kuwa ba shi da bakin kai ƙara. Abin da uban ke koya wa ɗansa shi ne a cika aiki ko da wanda aka yi wa ba zai taɓa sanin an rage ba.

Yaƙi da gobara ta biyu

Zuwa 1939 ma'aikatansa sun kai kimanin goma. A watan Afrilun 1940 sojojin Jamus suka mamaye Danmak. Shigo da kayan wasa daga waje ya tsaya, aka kuma taƙaita amfani da ƙarfe a abubuwan da ba su zama dole ba, lamarin da ya buɗe wa masu kayan katako kasuwa.

Ana cikin haka, a watan Maris na 1942, wuta ta sake tashi cikin dare ta cinye masana'antar, har da zane-zane da samfuran da aka yi shekara goma ana tarawa. Kuɗin inshora bai kai asarar ba.

A lokacin yana dab da cika shekara 51, kuma ya yi tunanin haƙura da sana'ar. Wasu garuruwa sun yi masa tayin ya koma can ya kafa sabuwar masana'anta. Daga ƙarshe ya zaɓi ya zauna a Billund saboda ma'aikatan da abincinsu ke hannunsa, ya ci bashi ya gina wata masana'antar da aka tsara musamman domin kayan wasa. Kafin yaƙin ya ƙare ma'aikatansa sun kai kimanin 40.

Daga katako zuwa roba

Bayan yaƙi katako mai kyau ya yi wuyar samu. A 1946 Mista Christiansen ya ga wani injin Birtaniya da ake baje kolinsa a birnin Copenhagen, mai narka roba ya tura ta cikin mazubin ƙarfe, ta fito da siffar da ake so. Aikin ya yi kama da na masu zubin tukwane a kasuwanninmu, sai dai injin yana maimaita siffa ɗaya sau dubbai ba tare da kuskure ba.

Ya yi odar injin a kan krona 30,000, kuɗi mai yawan gaske ga ƙaramin kamfani irin nasa, aka kawo shi a 1947. 'Ya'yansa ba su ji daɗin wannan kasada ba, domin katako suka sani, kuma shi ke kawo kuɗi.

A 1949 kamfanin ya fitar da tubalan roba na farko, masu 'yan tudu-tudu kamar maɓallai a sama da rami a ƙasa. Ba su karɓu ba da farko. Kantuna sun riƙa mayar da su, har wata mujallar 'yan kasuwar kayan wasa ta Danmak ta yi hasashen cewa roba ba za ta taɓa maye gurbin katako ba.

Abin da ya fara kawo riba a ɓangaren roba shi ne wata 'yar tarakta samfurin Ferguson da aka fitar a farkon shekarun 1950, daidai lokacin da manoman Danmak ke ajiye dawaki suna sayen tarakta. Ribar da ta kawo ta taimaka wajen ci gaba da gyara tubalan.

Haƙƙin Hilary Page

A nan akwai wani batu da tarihin Mista Christiansen ba zai cika ba sai da shi. Ba shi ne ya ƙirƙiro tubalin roba mai maƙalewa ba.

Wani Baturen Ingila, Hilary Fisher Page, mai kamfanin Kiddicraft, shi ne ya riga shi. Mista Page ya daɗe yana nazarin yadda ƙananan yara ke wasa, kuma ya yi wa tubalansa rajistar mallakar fasaha a Birtaniya tun kafin LEGO ya fara nasa.

Samfurin tubalan Kiddicraft ya shigo hannun Mista Christiansen a lokacin da yake cinikin injin. Shi da ɗansa suka ɗan sauya awonsu da siffarsu, suka fara yin irinsu a Danmak, inda rajistar Mista Page ba ta kai ba.

Doka ba ta hana hakan ba, amma ba a nemi izinin mai fasahar ba. Mista Page ya mutu a 1957, kafin LEGO ya shiga kasuwar Birtaniya. Sai a 1981 kamfanin LEGO ya sayi haƙƙin zane-zanen Kiddicraft, kuma a wata shari'a da aka yi a Hong Kong cikin shekarun 1980 Godtfred ya amsa cewa daga samfurin Kiddicraft suka faro.

Abin da iyalin Christiansen suka ƙara a kan fasahar shi ne abin da ya raba tubalinsu da na kowa. Tubalan farko ba sa riƙe juna sosai, gini kan rushe da an taɓa shi. Godtfred da ma'aikatansa suka sanya 'yan bututu a cikin ramin da ke ƙasan tubalin, ta yadda maɓallan na ƙasa za su matse tsakanin bututun da bango. Da haka gini ke tsayawa daram, kuma yaro na iya ɓalle shi da yatsunsa.

An shigar da takardar rajistar wannan fasaha ranar 28 ga watan Janairun 1958.

Ƙarshen rayuwa

Tun a 1951 Mista Christiansen ya gamu da ciwon shanyewar jiki, ƙarfinsa ya fara raguwa. Duk da haka a 1952 ya dage sai an faɗaɗa masana'antar, abin da ya jawo saɓani tsakaninsa da Godtfred, wanda ke tsoron bashi.

Sannu a hankali ragamar ta koma hannun ɗan. A 1954, a cikin jirgin ruwa kan hanyar zuwa Ingila, wani jami'in sayen kaya na babban kantin Magasin du Nord ya koka wa Godtfred cewa kayan wasan yara ba su da tsari, kowanne zaman kansa yake yi. Daga wannan hira aka fitar da tsarin 1955, wanda a cikinsa duk kwalin da aka saya zai dace da wanda aka saya a baya.

Ole Kirk Christiansen ya rasu ranar 11 ga watan Maris na 1958 yana da shekara 66, makonni shida bayan shigar da takardar rajistar tubalin. Ya bar kamfani mai ma'aikata kimanin 140 a Billund.

Bayan rasuwarsa

A 1960 gobara ta uku ta cinye ɗakin ajiyar kayan katako, sai Godtfred ya rufe wannan ɓangare baki ɗaya. Sana'ar da uban ya fara da ita ta ƙare ke nan, kuma biyu daga cikin 'yan uwan, Karl Georg da Gerhardt, suka bar kamfanin suka kama nasu.

A 1963 aka koma amfani da wata roba mai ƙarfi da ake kira ABS, wadda ba ta saurin lanƙwashewa ko koɗewa. A 1968 aka buɗe filin shaƙatawa na Legoland a Billund, a 1978 kuma aka fito da ɗan mutum-mutumin nan mai hannuwa da ƙafafu masu motsi, wanda shi ne daga baya aka yi wa shigar ninja.

Kamfanin ya kusa durƙushewa a 2003 da 2004 bayan ya bazu cikin harkoki barkatai. Jikan marigayin, Kjeld Kirk Kristiansen, ya miƙa shugabanci ga Jørgen Vig Knudstorp, wanda ba ɗan gidan ba ne, shi kuma ya mayar da hankali kan tubalin da labaran da ake ginawa a kansa.

Ninjago na cikin abubuwan da wannan gyara ya haifar. Ninja dai asalinsu 'yan leƙen asiri ne da mayaƙan sari-ka-noƙe a Japan ta zamanin da, musamman a yankunan Iga da Koga. Kamfanin ya ɗauki sunan da shigar, ya ƙaga wata duniya ta tatsuniya, da jarumai irin su Kai mai jajayen kaya, da Jay mai shuɗi, da Cole mai baƙi, da Zane mai fari, da Lloyd mai kore, da Nya, da malaminsu tsoho Wu.

An haɗa wasan da shirin talabijin na zane mai motsi. Da farko an tsara dakatar da shi bayan 'yan shekaru, amma yara da iyayensu suka nuna ba su yarda ba, aka ci gaba, har aka yi masa fim na silima a 2017.

Duk da wannan sauyi, awon tubalin bai motsa ba. Milimita takwas ne daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi, kuma tubalin da aka zuba a 1958 yana shiga cikin wanda ke kwalin ninja na yau. Wani masanin lissafi ɗan Danmak, Søren Eilers, ya ƙirga cewa tubala shida masu maɓalli takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanyoyi 915,103,765.

Rajistar fasahar ta ƙare tun a 1978, shi ya sa kamfanoni da dama ke yin irin tubalan a farashi mai sauƙi. Ko na asali ne ko na kwaikwayo, ƙananan tubala na da haɗari ga yaron da bai kai shekara uku ba, domin yana iya haɗiye su.

Daga Billund zuwa Gaya

Yawancin yaran ƙauyukan Gaya da Ajingi ba su taɓa riƙe kwalin Ninjago ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin akasarin iyaye. Amma wasan gini ba baƙo ba ne a wurinsu.

Da an yi girbi an kwantar da kara, yaro kan fere ɓawon karan dawa, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya soka wannan cikin wancan har mota ta tashi da tayoyinta. Wani da gwangwani da langa-langa yake yin tasa, wani kuma da yumɓu yake gina shanu da dawaki. Babu littafin zane, babu wanda ya auna masa.

Gaya kuwa gari ne mai tsohon suna a aikin hannu. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen Dala suna neman tama daga Gaya suka fito, shi ya sa ake kiran zuriyarsu Abagayawa.

Yaron da ke fiƙe itace a wurin kiwo a Filskov bai fi waɗannan yara kayan aiki ba. Abin da ya biyo baya a rayuwarsa shi ne ya samu yayan da ya koya masa sana'a har ya ƙware, ya samu rance sau da dama bayan ya faɗi, sannan da ya girma ya ɗauki wasan yara a matsayin aikin da ya cancanci busasshen katako da shafi uku.

Har yanzu hedkwatar kamfanin tana Billund, kuma yana hannun zuriyarsa tare da wata gidauniya mai ɗauke da sunan LEGO. A 'yan shekarun nan babu kamfanin kayan wasan yara da ya kai shi ciniki a duniya. Ɗan jikansa, Thomas Kirk Kristiansen, ya zama shugaban hukumar gudanarwar kamfanin a shekarar 2020.